Kwamfutar tafi-da-gidanka: wace iri ce ke jure zafi da ƙurar Damagaram?

Ɗalibai daga Gouna masu shirin shiga Jami'ar André Salifou ta Zinder, da malaman makaranta, sun sha tambayarmu wace kwamfuta ya kamata su saya. Galibin waɗanda ke shigowa nan na hannu ne, ta Kano, Kwatano ko Lome. Don haka abin dubawa na farko shi ne: in ta lalace, akwai kayan gyaranta kusa?

A nan HP ta yi gaba. Caja, batir da gilashinta ba su wuyar samu, kusan kowane mai gyara ya san cikinta. Amma fa HP iri-iri ce. EliteBook da ProBook don ofis aka ƙera su, suna jure wahala. Pavilion ta amfanin gida ce, marfinta kan saki wajen mahaɗa, kuma a zafin watan Afrilu, da ake haura digiri 40, in ƙura ta toshe fankarta sai ta dinga ɗaukewa.

Dell Latitude ma haka take da ƙarko, sai dai tana da tsirfa: in aka sa mata cajar da ba ta gane ba, sai ta ƙi cika batir, ta rage gudu. Ga mai dogaro da wutar sola wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

ThinkPad, wadda Lenovo na ƙasar Sin ya gada daga IBM a 2005, ita na fi yarda da ita ga mai yawan rubutu. Madannanta na da daɗi, jikinta na da ƙwari, kyau ne dai babu. Acer da Asus na Taiwan sun fi sauƙin kuɗi, kayansu sai an aika Kano. MacBook ta Apple batirinta na daɗewa, musamman tun fitowar M1 a 2020, amma tsada da wahalar gyara sun sa ba ta mutumin karkara ba ce.

Kafin ku biya, ku dubi madannai. Na Kano yawanci QWERTY ne na Ingilishi, alhali mai rubutu da Faransanci AZERTY yake bukata, saboda é da ç. Sannan Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Ku sa mai shago ya cire caja, ku zauna minti 30 ku ga yadda batir ke sauka.