Waiwaye Kan Boren 'Yan Sakandaren Burazil

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce waiwayar boren da ɗaliban sakandare suka yi a ƙasar Burazil, ta hanyar duba fim ɗin tarihi mai suna Espero Tua (Re)volta, wanda Eliza Capai ta shirya, ya kuma fito a shekarar 2019.

Asalin rikicin shi ne, a shekarar 2015 gwamnatin Jihar Sao Paulo, a ƙarƙashin Gwamna Geraldo Alckmin, ta bayyana shirin rufe makarantu 94 tare da sauya wa ɗalibai kimanin 300,000 wurin karatu. Gwamnati ta ce gyara take son yi, su kuwa ɗalibai suka fahimci cewa tsuke bakin aljihu ne kawai. Da farko sun yi ta zanga-zanga a kan tituna, amma ba a saurare su ba. Ganin haka, a watan Nuwamba sai suka sake dabara, suka shiga makarantunsu suka kulle ƙofa ta ciki. A nan suke kwana, su ke shara, su ke girki, su kuma ke shirya wa kansu darussa. Kafin a ankara makarantu fiye da 200 sun koma hannun yara. Duk da kulki da barkonon tsohuwa da 'yan sanda suka yi ta yi musu a tituna, ba su janye ba. Ranar 4 ga Disamba gwamna ya dakatar da shirin, kwamishinan ilimi kuma ya ajiye aiki.

Sai dai murna ba ta daɗe ba. A 2016, bayan dakatar da Shugaba Dilma Rousseff, gwamnatin Michel Temer ta kawo ƙudurin gyara tsarin mulki wanda zai hana kuɗin da gwamnatin tarayya ke kashewa ƙaruwa har tsawon shekara 20, in ban da gwargwadon hauhawar farashi. Ɗalibai suka sake mamaye makarantu fiye da 1,000, akasarinsu a Jihar Parana. Wannan karon haƙarsu ba ta cimma ruwa ba, domin majalisa ta amince da ƙudurin a watan Disamba, kuma sai a 2023 aka maye gurbinsa da wata doka.

Abin da ya bambanta fim ɗin Capai shi ne, ba ta ɗauko wani masani ya yi sharhi ba. Matasa uku daga cikin waɗanda aka yi gwagwarmayar da su ta bai wa ragamar labarin, mata biyu da namiji ɗaya. Suna katse wa juna hanzari, suna musu kan wanda ya fi cancanta ya yi magana, suna kawo batun launin fata da talauci da matsayin mace a cikin tafiyar. Fim ɗin bai ɓoye faɗuwarsu ba, domin ya bi su har zuwa zaɓen Jair Bolsonaro a 2018. A bikin finafinai na Barlin na 2019 ya sami kyautar ƙungiyar Amnesty International.

Daga ƙarshe, abin lura a nan shi ne, yaran sun yi galaba a kan gwamna guda, amma ba su iya ja da majalisa ba. Duk da haka tarihin abin da suka yi ya wanzu daga bakinsu, ba daga takardun hukuma kaɗai ba. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.