Gwajin Sinadaran Jinin Jarirai

Duk abin da kuka ci, jiki yana narkar da shi zuwa ƙananan sinadarai, kamar sukari, kitse da tubalan gina jiki da ake kira amino asid. Ilimin da ke auna ɗimbin waɗannan sinadarai a lokaci guda, a jini ko fitsari, shi ake kira metabolomiks.

Inda ya fi amfanar iyalai shi ne gwajin jarirai. A farkon shekarun 1960 wani likita Ba'amurke, Robert Guthrie, ya ƙirƙiro hanyar ɗiga jinin diddigen jariri a kan takarda domin gano cutar PKU. Jaririn da ke da ita ba ya iya sarrafa sinadarin fenilalanin. Sinadarin yakan taru ya lalata ƙwaƙwalwa, alhali a ido jaririn lafiyarsa ƙalau. In an gano da wuri, abinci na musamman yana hana wannan illa. Daga shekarun 1990 na'urori suka fara auna sinadarai da dama daga ɗigo guda.

A nan lissafi yake shigowa. Lamba ɗaya takan yaudari likita, shi ya sa ake duba yadda sinadaran suke tafiya tare, misali fenilalanin da tayrosin, a kwatanta da sakamakon dubban jarirai masu lafiya. Haihuwar bakwaini ko ɗibar jini da wuri duk sukan canza sakamako.

Idan asibiti ya kira ku cewa an ga wani abu, ba a tabbatar da cuta ba tukuna. Ku kai jaririn a ranar da aka ce don a sake gwaji, kuma kada a daina shayar da shi sai da umarnin likita.