Masu ƙidayar gawon Damagaram

Bayan farin 1973 da na 1984, duniya ta yanke wa ƙasarmu hukunci: hamada na tafe, babu mai tare ta. Rahotanni suka yi ta maimaita haka shekara da shekaru, har zuwa 2004 da Chris Reij, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya zaga Nijar ya ga itatuwa tsaye cikin gonakin da aka ce sun zama fako.

Gani da ido ba ya gamsar da masana, sai da lissafi. To, wa zai ƙirga itatuwan jiha guda ɗaya bayan ɗaya? Gray Tappan, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 ya jera su da na tauraron ɗan Adam na 2005. A ware fili, a ƙirga kan kowane itace a tsohon hoto da sabo, a sauka ƙauye a tabbatar, sannan a auna sauran ƙasar da wannan mudu. A 2006 Mahamane Larwanou, masanin daji ɗan Nijar, da abokan aikinsa suka bi Magariya da Matamaye da Mirriya a jihar Damagaram, suka kiyasta kusan hekta miliyan 1 da itace ya farfaɗo. A faɗin ƙasa kuwa aka samu kimanin hekta miliyan 5, itatuwa miliyan 200.

Yawancinsu ba dashe ba ne. Manoma ne suka daina tumɓuke tohon kututture lokacin sassabe, suna zaɓen mai ƙarfi su raine shi. A wajenmu gawo ya fi yawa, da dalili: yana zubar da ganye da damina, hatsi ya sha rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma dabbobi su ci ƴaƴansa.

Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani kan saran gawo. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ta mai da itacen na hukuma, manomi ya zama mai laifi a gonarsa, shi ya sa ya riƙa kashe toho tun kafin ma'aikacin gandun daji ya gani. Sai da hannun hukuma ya sassauta, mai gona ya tabbata itacen nasa ne, sannan gawo ya dawo. Shekara 20 aka yi ana rainon toho kafin masu lissafi su iso.