Bawan Da Ya Zama Bishof: Tunawa Da Ajayi Crowther

'Yan'uwa mazauna Sabo, duk wanda harkar kasuwa ta taɓa kai shi Marina a cikin Ikko ya ga babbar majami'ar nan ta Christ Church. A harabarta kabarin wani dattijo yake, wanda aka tono daga maƙabartar Ajele aka mayar can a 1971. Sunansa Samuel Ajayi Crowther. Ba addininmu ɗaya da shi ba, amma tunda muna zaune a ƙasar da ta haife shi, ya kamata mu san ko wane ne shi.

An haifi Ajayi wajen 1809 a Osogun, cikin ƙasar Oyo. A 1821 mahara suka faɗa wa garin, kuma gaskiya ɗaya ce, Musulmi ne, Fulani da Yarbawan Oyo. Suka kama shi da uwarsa. Har da doki an taɓa musanya shi, daga hannu zuwa hannu, sai ga shi a jirgin Turawan Fotugal. A 1822 sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Saliyo. Can ya shiga addinin Kirista a 1825, ya zama ɗalibin farko a kwalejin Fourah Bay a 1827.

To, da wani ne, da ya yi zamansa a Saliyo yana cin albashin malanta. Shi kuwa sai ya ɗauka cewa Allah bai fid da shi daga jirgin bayi don kansa ba. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da wani Bajamushe, Schön, wanda daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876. Ajayi ya zama limamin coci a 1843. A 1846 ya isa Abekuta, inda ya yi kiciɓis da uwarsa bayan rabuwar shekara 25. Kai, ikon Allah!

Daga 1857 ya duƙufa kan aikin bakin Kwara, ya kafa tasha a Anaca. A wannan shekara jirginsu ya farfashe kusa da Jebba. Maimakon ya zauna yana kukan hasara, sai ya shiga koyon Nufanci, har ya rubuta littafin nahawunsa. Shi ne kuma jagoran fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. A 1864 aka naɗa shi Bishof a Canterbury, baƙar fata na farko da cocin Angilika ya ba wannan matsayi.

Abin da ya fi shafarmu shi ne zamansa da Musulmi. Mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa, ai da ya riƙe mu a zuci babu mai ganin laifinsa. Amma tun yana saurayi a Saliyo ya gane cewa gardama da cin mutunci ba sa juya zuciyar kowa. Ya riƙa zuwa Bida gaida Etsu Masaba, yana neman izini kafin ya yi wani abu a ƙasarsa. A 1872 ya tsaya a fadar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi kan addininsa, ya amsa cikin ladabi, aka rabu lafiya. Bai ɓoye abin da ya gaskata ba, bai kuma zagi na wani ba.

Saboda wannan amana ne, da giyar Turawa ta fara lalata mutanen Nufe, Etsu Maliki ya sa aka rubuta takarda da Hausa don a kai wa Bishof Crowther, yana roƙo ya isar wa Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa. Ku duba fa, sarki Musulmi ya rasa wanda zai amince wa da kukansa sai malamin Kirista. Hali zanen dutse.

Jarrabawarsa ta ƙarshe daga gidansa ta fito. A 1890 wasu samarin Turawan mishan suka zo da raini, suka ce aikin baƙar fata bai yi ba. A wani zama a Anaca suka dakatar da ma'aikatansa a gabansa, har da ɗansa Dandeson. Tsoho mai kimanin shekara 80 ya haɗiye, bai tsine wa kowa ba, bai bar bautar da yake yi ba. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891. Sai da aka yi kusan shekara 60 kafin Angilika su sake danƙa wa ɗan ƙasa cikakken riƙon yanki a Nijeriya. Jikansa ne Herbert Macaulay, wanda ya taso ya hana Turawan mulki barci.

Jama'a, mu ma baƙi ne. Kakanninmu sun zo da fataucin shanu da goro, suka sami wurin zama da riƙon amana. Yau kuwa rigima kaɗan a kasuwa sai a ce ta addini ce, kowa ya tuno tsohon ciwo. Wannan bawan Allah yana da ciwon da ya fi namu, amma ya miƙa rayuwarsa kacokan ga Ubangijinsa yadda ya fahimce Shi, bai rage wani gefe don ramuwa ba. Idan mun ce mun ba Allah kanmu, maƙwabcinmu Bayarabe ko Ibo ne zai ba da shaida, a mudunmu da bakinmu.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.