Shari'ar fyaɗe: Me ya sa doka ta haramta ɓoye hujjar da za ta wanke wanda ake tuhuma?

A ranar 11 ga watan Afrilun 2007, babban lauyan gwamnatin jihar Carolina ta Arewa a Amurka, Roy Cooper, ya bayyana cewa ɗalibai uku na Jami'ar Duke da aka shekara guda ana tuhumarsu da fyaɗe ba su aikata laifin komai ba. Har yau masana shari'a na kafa misali da wannan lamari idan ana batun haƙƙin wanda ake tuhuma na ganin hujjojin da hukuma ta tattara.

Yadda lamarin ya faro

A watan Maris na 2006 wata mata ta ce an yi mata fyaɗe a wani gida a birnin Durham, inda 'yan ƙungiyar wasan lakuros ta jami'ar suka shirya liyafa. Kasancewar matar baƙar fata ce, waɗanda ta zarga kuma farare, labarin ya karaɗe Amurka. Jami'ar ta soke sauran wasannin ƙungiyar, kocinta ya yi murabus, mutane da dama kuma suka yanke wa matasan hukunci tun kafin a shiga kotu.

An ɗauki samfurin ƙwayoyin halitta na DNA daga 'yan wasa 46. Da 'yan sanda suka zo nuna wa matar hotuna domin ta tantance waɗanda take zargi, sai suka nuna mata hotunan 'yan ƙungiyar kaɗai, saɓanin ƙa'idar da ta ce a haɗa da na mutanen da ba ruwansu.

Abin da aka ɓoye

Mai gabatar da ƙara na gundumar, Mike Nifong, ya kai samfuran wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Burlington, garin da ke tsakanin Durham da Greensboro. Gwajin ya gano DNA ɗin wasu maza a jikin matar da tufafinta na ciki, kuma babu ko ɗaya da ya dace da na 'yan wasan. Sai dai ba a saka wannan bayani a rahoton da aka miƙa wa lauyoyi masu kare ɗaliban ba.

Lauyoyin ne da kansu suka tono shi daga cikin ɗaruruwan shafukan bayanan gwajin. A watan Disamban 2006 shugaban ɗakin gwajin ya amsa a gaban kotu cewa shi da Nifong ne suka amince a taƙaita rahoton. A watan Yunin 2007 aka ƙwace lasisin lauya na Nifong, daga bisani ya kwana ɗaya a gidan yari bisa laifin raina kotu. A Disamban 2024 matar ta fito fili ta ce ƙarya ta yi.

Me doka ta tanada?

Ginshiƙin shari'ar laifuka shi ne cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan mai ƙara. Amma gwamnati ce ke da 'yan sanda da ɗakunan gwaji da ikon ƙwace wayoyi, shi kuwa wanda ake tuhuma sau da yawa yana tsare. Idan hukuma ta riƙe abin da zai wanke shi, ginshiƙin ya zama suna kawai.

Shi ya sa a 1963, a shari'ar Brady da jihar Maryland, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ɓoye hujjar da za ta amfani wanda ake tuhuma keta haƙƙinsa ne. Carolina ta Arewa ta ƙara gaba a 2004, inda ta wajabta buɗe wa lauyoyin da ke kare mutum dukkan fayil ɗin binciken manyan laifuka. Wannan doka na cikin abin da ya ceci ɗaliban.

Birtaniya ma ta fuskanci irin haka a Disamban 2017, lokacin da shari'ar wani ɗalibi ta rushe a Landan bayan an gano 'yan sanda ba su miƙa dubban saƙonnin wayar mai ƙara ba.

A Najeriya, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi, tare da ba shi isasshen lokaci da abubuwan da zai kare kansa. A shari'ar Musulunci ma, mai da'awa ne ke kawo hujja.

Ina makomar waɗanda aka yi wa fyaɗe?

Fyaɗe laifi ne da galibi ake aikatawa ba tare da shaidun gani da ido ba, kuma mata da yawa kan yi shiru saboda tsoron tsangwama. Masu fafutuka na ƙorafin cewa bincikar wayoyi da tarihin rayuwar mai ƙara kan sa ta ji kamar ita ake tuhuma, don haka suke neman a taƙaita binciken ga abin da ya shafi shari'ar.

Duk da haka, ɓoye hujja ba ya taimakonsu. Hukuncin da aka gina a kansa yana iya rushewa a kotun ɗaukaka ƙara, idan kuma an ɗaure marar laifi, ainihin mai laifin na ci gaba da yawonsa. Bayan haka, duk shari'ar da ta wargaje ta wannan hanya na ƙara wa macen da za ta kai ƙara gobe wahalar samun wanda zai yarda da ita.