Mutumin Da Ya Gina Ƙauye A Kan Katako

Mai sauraro, ka tambaye mu ko da gaske ne a Turai dattijo zai zauna yana gina wa ƙaramin jirgin ƙasa hanya da duwatsu da gonaki. To, gaskiya ne, kuma ba duka ne wasan yara ba.

A shekarar 1925 wani saurayi, Roye England, ya zo Ingila daga Ostireliya. Ya tarar tsofaffin gidajen ƙauye masu jinkar ciyawa suna ɓacewa, wasu an rushe, wasu an sake musu rufi. Abin ya dame shi. Sai ya riƙa auna gidajen yana ɗaukar hotonsu, a 1931 kuma ya fara gina irinsu da kwali. Kowace ƙafa ɗaya ta gidan gaske milimita 4 ce a nasa, wato gida mai tsayin ƙafa 20 bai wuce inci 3 da ɗan ɗoriya ba.

Masu wannan aiki sukan fara da shimfiɗar katako mai ƙarfi, don in tushe ya lanƙwashe, jirgi zai kauce daga dogo. Sannan a tayar da tudu da kwari, a shafe da filasta, a sa fenti, a dasa ciyawa.

A 1954 aka kafa gidan tarihi na Pendon, inda aka tara aikin nasa. Ya rasu a 1995.

Kai fa, wa ya auna rumbun kakanka kafin damina ta cinye shi? Mu kwana nan.