Gidan Kennedy da Nazarin Raunin Fahimta

A Amurka, kafin tsakiyar ƙarni na 20, waɗanda Allah ya jarrabe su da raunin fahimta akan killace su ne nesa da jama'a, kuma, abin takaici, da wuya ɗalibin da ya yi azamar nazarin lalurarsu ya sami mai ɗaukar nauyinsa. Zuriyar Kennedy, waɗanda 'yarsu Rosemary ke da wannan lalura, sun kafa gidauniya a 1946, wadda wata 'yarsu, Eunice Shriver, ta karɓi ragamarta a 1957 ta karkata dukiyarta ga bincike. Amma haƙiƙa al'amarin bai kankama ba sai 1963, sa'ad da ɗan'uwanta, Shugaba John Kennedy, ya sa hannu a dokar gina wa jami'o'i cibiyoyin bincike da horar da ɗalibai.